Gwajin TSH da Ƙwayar Asuba: Yadda Ake Auna Maganin Raunin Tayirod

Ran da sakamakon gwajin jinin yayata ya fito, a kan bencin bakin ɗakin likita ta warware takardar, ta ɗora yatsa a kan wata lamba da aka zagaye da jan biro. TSH: 38. A gefenta an rubuta cewa na mai lafiya yakan tsaya tsakanin 0.4 da 4.0. Ta juyo ta ce da ni, "To kai da ka yi boko, abin da ya yi yawa har haka ai rage shi ake yi. Yaya kuma likita yake cewa ƙaranci gare ni?"

Kafin wannan rana ta kusa shekara biyu tana fama. Macen da a da take gama shara da wanke-wanke kafin rana ta fito, sai ga ta tana gyangyaɗi da hantsi. Ana tsakiyar zafin bazara ita tana neman mayafi mai kauri. Fuska ta ɗan kumbura, murya ta dishe, fata ta bushe kamar ana hunturu, gashi yana bin mataji, bayan gida sai ta yi kwana uku, jinin al'ada kuma ya ƙaru har ya jawo mata ƙarancin jini. An yi mata allurar zazzaɓin cizon sauro ba adadi, an ba ta maganin taifot, wasu a dangi sun fara raɗe-raɗin sammu. Ashe duk abin daga wuya yake, kuma jinin da bai cika ƙaramin cokali ba ya isa ya tona shi.

Tayirod wata 'yar tsoka ce mai laushi a gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, ta rungumi maƙogwaro hagu da dama kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Nauyinta a jikin babba bai wuce giram 20 ko kusa da haka ba. Ita ce idan ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo. Sai dai maƙoƙo girma ne kawai, ba ya faɗin yadda tsokar take aiki. Akwai mai maƙoƙon da tayirod ɗinsa ke aiki daidai, akwai wanda tasa ta zarme, akwai wanda tasa ta gaza, sannan akwai irin yayata da wuyanta sumul amma aikin ya tsaya. Aikin nata shi ne ta ɗebo sinadarin aidin daga jini ta ƙera wani sinadari da ake kira T4, ta haɗa da ɗan kaɗan na wani mai suna T3. Lambobin nan adadin ƙwayoyin aidin ne da ke manne a jikin kowanne. T4 kamar tsaba ce a rumbu. Hanta da ƙoda da sauran sassan jiki su ne suke ɓalle aidin guda ɗaya su mayar da shi T3, wanda shi ne mai aikin: shi ke tsara saurin bugun zuciya, ɗumin jiki, motsin hanji, kaifin tunani. Kusan kashi 80 cikin ɗari na T3 ɗin da ke yawo a jini ta wannan hanya yake samuwa.

TSH kuwa, wanda ya rikita yayata, ba tayirod ke yin sa ba. Daga kai yake saukowa, daga wata halitta mai girman ƙwayar gyaɗa a gindin ƙwaƙwalwa da ake kira fituwitari. Yadda na yi mata bayani a kan bencin nan shi ne da shanun noma. Mai garma yana bayan shanunsa. Muddin suna ja yadda ya kamata, ba ka jin muryarsa sai jefi-jefi. Da sun fara nawa sai ya ɗaga murya, da sun ƙara sanyi sai ya ƙara tsawa. Kai da kake can bakin gona ba ka hango shanun ba, amma daga ƙarfin tsawar ka san sun gaji. TSH tsawar ce. Idan ta yi sama, shanun ne suka gaza. Idan ta yi ƙasa ƙwarai har ta kusa ɓacewa, shanun sun zabura da gudu, mai garma ya yi shiru. Shi ya sa lambar take tafiya da baya: TSH mai yawa yana nufin ƙarancin sinadarin tayirod, a ƙara magani, TSH da ya faɗi ƙasa yana nufin magani ya yi yawa, a rage. Na ga masu ilimi da dama sun juya wannan lissafi, har wani ya rage wa kansa ƙwaya don ya ga lambar "ta hau".

Mai garman nan kuma yana da saurin ankara. T4 ya ɗan ragu kaɗan, bai ma fita daga ma'aunin masu lafiya ba, TSH yana iya ninkawa sau da yawa. Wannan ne dalilin da ya sa shi ake fara aunawa. Idan ya fito ba daidai ba sai a duba T4 ɗin kansa, kuma wanda ake so shi ne wanda za ka ga an rubuta FT4 a takarda, wato sakakken T4. Fiye da kashi 99 cikin ɗari na T4 a ɗaure yake a jikin wasu sinadarai masu dakonsa a jini, ɗan ragowar da ke sake shi ne jiki yake amfani da shi. Juna biyu da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin suna ƙara yawan 'yan dakon, sai jimillar T4 ta yi sama alhali sakakken bai ƙaru ba. Gwajin T3 kuwa ba shi da wani amfani sosai ga mai raunin tayirod, domin jiki yakan yi ta ƙoƙarin riƙe shi daidai har sai ciwo ya yi nisa. Ina faɗin wannan ne saboda gwaje-gwajen nan ba arha gare su ba, kuma sau da yawa sai a lissafa wa mutum duka ukun a kowane zuwa, alhali wanda ya riga ya hau magani TSH kaɗai ya ishe shi a mafi yawan lokuta.

Idan TSH ya hau, FT4 ya faɗi, babu jayayya, magani za a fara. Haka na yayata ya kasance. Inda gizo ke saƙar shi ne a samu TSH ya ɗan ɗaga, a ce 6 ko 7, FT4 kuma lafiya lau. A nan ra'ayina yana tare da likitocin da ba sa gaggawar rubuta ƙwaya. Irin wannan ɗagawa tana yawan sauka da kanta idan aka sake gwaji bayan wata biyu zuwa uku. Ƙa'idar da hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta fitar a 2019 ta ce a yi tunanin magani idan TSH ya kai 10 ko fiye a gwaji biyu da wata uku ke tsakaninsu. Idan bai kai 10 ba, mutum yana ƙasa da shekara 65, kuma yana da alamu, ana iya jarraba maganin na wata shida a gani. In alamun ba su gushe ba bayan lambar ta daidaita, a dakatar. Tsofaffi kuwa TSH ɗinsu yakan ɗan ɗaga saboda shekaru kawai. Wani babban bincike mai suna TRUST da aka wallafa a 2017 ya ɗauki mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasashen Turai huɗu, dukkansu masu irin wannan 'yar ɗagawa. An ba rabi maganin gaske, rabi ƙwayar da babu komai a ciki. Bayan shekara guda lambar masu shan maganin ta sauka, amma gajiya da sauran alamu ba su bambanta da na ɗaya ɓangaren ba. Saboda haka dattijuwa mai shekara 75 da TSH 6 ba lallai ne mara lafiya ba ce.

Me ke gajiyar da tsokar tun farko? A inda gishiri mai aidin ya wadata, babban dalili shi ne garkuwar jiki ta juya ta riƙa cin tayirod a hankali, cutar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912, ta kuma fi kama mata nesa ba kusa ba. Ana gane ta da gwajin da ake rubuta wa TPO, kuma sau ɗaya ya isa, ba abin da maimaita shi zai ƙara. Sai waɗanda aka yi wa tiyatar maƙoƙo aka cire tsokar, ko aka ƙone ta da aidin mai tururin nukiliya. Sai ƙarancin aidin, wanda a da ya cika wasu ƙauyukanmu da maƙoƙo kafin Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri a farkon shekarun 1990. Akwai kuma wani rukuni da nake jin tausayinsu: waɗanda tayirod ɗinsu ta zarme aka ɗora su a kan kabimazol don a rage mata gudu, suka ci gaba da saye a kemis shekara da shekaru ba gwaji, har maganin ya kwantar da ita gaba ɗaya. Sunan "maganin maƙoƙo" ya haɗa ƙwayoyi biyu masu kishiyar aiki, kuma wanda ya musanya su ya cutu.

Maganin rauni kuwa guda ne, a kwalinsa za a ga an rubuta Levothyroxine, wani lokaci da sunan kamfani irin su Euthyrox. T4 ne tsantsa, irin wanda jiki yake yi. A 1891 wani likita a Ingila, George Murray, ya fara yi wa wata mata allurar ruwan tayirod ɗin tumaki, ta farfaɗo ta ƙara shekara 28 a duniya. A 1914 Edward Kendall ya tace sinadarin a Amurka, a 1927 Charles Harington da George Barger suka haɗa shi a ɗakin gwaji. Ƙwayar da ake sha yau jikar wannan aiki ce. Ba ta gyara tsokar da ta lalace, maye gurbin abin da ta daina yi kawai take. Don haka mafi yawan masu shan ta har ƙarshen rayuwa ne, kuma jin sauƙi ba alamar a daina ba ce, alamar tana aiki ce.

Da maikirogiram ake auna ta, ba miligiram ba. Maikirogiram 100 daidai yake da miligiram 0.1, kuma wasu kwalayen da miligiram suke rubutawa, sai a kula da ɗigon. Babban mutum mai ƙarfi, wanda zuciyarsa lafiya, tayirod ɗinsa kuma ta gaza sosai, ana lissafa masa kusan maikirogiram 1.6 a kowane kilo na nauyinsa a rana. Yayata kilo 66 ce a lokacin, lissafi ya ba da 105 da 'yan kai, likita ya rubuta 100. Wanda ya manyanta ko yake da ciwon zuciya ba a yi masa haka. Da 25 ake farawa, wani lokaci ma 12.5, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, domin zuciyar da ta saba da tafiyar hawainiya idan aka zabure ta farat ɗaya tana iya bugawa. Jariri kuwa da aka haifa da raunin yana buƙatar 10 zuwa 15 a kowane kilo, ninkin na babba sau da yawa, saboda ƙwaƙwalwarsa na ginuwa. Duk wannan lissafi wurin farawa ne kawai. Jini ne zai faɗi inda za a tsaya.

Amma jinin ba ya amsawa da wuri, kuma a nan ne mutanenmu suka fi asarar kuɗi da kwanciyar hankali. A ɗauki jiki a matsayin babbar randa mai ɗan yoyo a gindi, kullum ana zuba mata moɗa guda. Yoyon T4 a hankali yake: sai an yi kusan kwana 7 kafin rabin abin da ke jini ya ƙare. Idan ka canza girman moɗar yau, ruwan randar ba zai tsaya a sabon matsayinsa ba sai bayan sati biyar zuwa shida, mai garma kuma yana buƙatar lokaci kafin ya yarda cewa shanun sun dawo ya sassauta murya. Shi ya sa ake cewa a dawo gwaji bayan sati 6 zuwa 8 daga ranar da aka fara magani ko aka canza adadinsa. Yayata ba ta iya jira ba. Kwana goma da farawa ta je wani ɗakin gwaji a unguwa ta biya kuɗi, lambar ta fito har yanzu a sama, mai wani kemis ya duba ya ce ta ninka ƙwayar. Allah ya sa ta kira ni kafin ta sha. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin maikirogiram 200 ga mace mai kilo 66 ba ƙaramin ganganci ba ne, kuma wanda ya faɗi hakan bai tambaye ta ko yaushe ta fara ba.

Bayan sati bakwai muka koma. Ta ɗan ji dama, kumburin fuska ya sauka, amma TSH 14 ne. Ruwa ba ya tsami banza. Na zaci likita zai ɗauki biro ya ƙara mata 25, sai ya ajiye takardar ya ce, "Hajiya, ba ni labarin safiyarki. Daga tashi me kike yi?" Ta ce tana sallar asuba, ta ɗora ruwan zafi, ta haɗa wa yara shayi, ta zauna ta karya tare da su, a nan take shan magungunanta duka don kada ta manta. Ya ce wanne da wanne? Ta zaro leda daga jaka ta zazzage a tebur: ƙwayar tayirod, jar ƙwayar ƙarin jini, da kwalbar farin ruwan maganin gyambon ciki da take kurɓa idan ƙirjinta na zafi. Da shayi mai kauri da madara take kora su. Likita ya ware jar ƙwayar gefe guda da bayan biro, ya ware kwalbar, ya bar 'yar farar ƙwayar ita kaɗai a tsakiyar tebur. Ya ce, "Wannan ba ta son kishiya."

Gaskiyarsa. Ko da cikin mutum babu komai, kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na ƙwayar ne hanji yake tsotsa. Abinci yana rage wannan. Sinadarin ayon da ke cikin maganin ƙarin jini, da kalsiyam, da magungunan kwantar da zafin ciki masu alminiyam ko magniziyam, suna kama ta a cikin hanji su wuce da ita bayan gida. Madara da nono suna da kalsiyam. Kofi yana hana ta shiga, waken suya ma haka, don haka mai karyawa da awara ko madarar waken suya ya sani. Magunguna irin su omefirazol suna rage tsamin cikin da ƙwayar take buƙata don ta narke. Ƙa'idar ita ce a sha ta da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira rabin awa zuwa awa guda kafin a ci wani abu, sannan a sa awa huɗu tsakaninta da ayon ko kalsiyam ko maganin gyambon ciki. Wanda safiya ba ta yi masa ba yana iya sha da dare lokacin kwanciya, in dai an yi awa uku da cin abincin ƙarshe. Muhimmin abu shi ne a zaɓi hanya guda a dawwama a kanta, domin adadin da likita ya daidaita maka a kan yadda kake sha ya daidaita shi.

Yayata ta mayar da ƙwayar kusa da dardumarta. Da ta idar da sallar asuba sai ta sha da kofin ruwa, ta yi lazimi, ta shirya yara, ba ta karyawa sai sun fita makaranta. Jar ƙwayar ta koma bayan la'asar. Ba a ƙara mata ko maikirogiram ɗaya ba. Bayan sati takwas TSH ya fito 2.6. Da an ƙara mata a ranar nan ba tare da tambaya ba, da an yi ta hawa, 125, 150, har ranar da za ta daina shan maganin ƙarin jinin, sai adadin ya yi mata yawa ba tare da kowa ya san dalili ba.

Akwai kuma magungunan da ba a hanji suke tare ta ba, hanta suke zaburarwa ta ƙone ta da sauri: rifamfisin na tarin fuka, da wasu magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin da fenitoyin. Wanda aka ɗora a kansu ya gaya wa likita, domin buƙatarsa za ta iya ƙaruwa. Amma dalilin da ya fi kowanne yawa na TSH ya ƙi sauka shi ne tsallake kwanaki, ko don mantuwa ko don kwalin ya ƙare kuɗi ba su zo ba. Lissafin a bayyane yake. Mai shan 100 kullum yana samun 700 a sati. Idan ya tsallake kwana biyu ya sami 500, kamar mai shan 71 a rana ke nan. Kunya ta sa mutum ya ce wa likita "ina sha kullum" sai a ƙara masa abin da ba ya buƙata. Randar nan ma tana da rangwame: wanda ya manta jiya yana iya sha da ya tuna, likitoci da yawa ma suna yarda ya haɗa biyu washegari, in ba mai ciwon zuciya ba ne. Saboda wannan dalili ne kuma likita yake iya cewa yau 100 gobe 125, don a sami tsakiyar da babu ƙwayarta a kasuwa.

Ranar gwajin ita ma tana da nata ladubba. TSH yana hawa cikin dare, ya sauka da rana, don haka ya fi kyau a riƙa ɗibar jini a lokaci iri ɗaya, da safe, kuma a ɗakin gwaji guda, tunda na'urori sun bambanta kuma kowanne da ma'auninsa. Idan za a auna FT4, a bar ƙwayar ranar sai an ɗebi jini, domin tana ɗaga shi na 'yan awanni bayan sha. Kada a yi gwajin ana tsakiyar zazzaɓi mai zafi ko ana kwance a asibiti, ko ana farkon murmurewa, lambobin sukan hargitse su dawo da kansu. Sai bayotin, sinadarin da ke cikin ƙwayoyin gyaran gashi da fata da farce da mata suke saye yanzu. Ba ya taɓa tayirod, na'urar gwajin yake ruɗawa, a wasu na'urorin ya nuna TSH ƙasa FT4 sama, kamar magani ya yi yawa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa tun 2017. Abin takaicin shi ne zubewar gashi na cikin alamun ciwon, don haka masu ciwon ne suka fi sayen sa. A dakatar da shi aƙalla kwana biyu zuwa uku kafin gwaji.

Abin da ake nema shi ne TSH ya zauna cikin ma'aunin masu lafiya, mutum kuma ya ji daidai. Idan ana gyara, da 12.5 ko 25 ake motsawa, a sake jiran sati shida zuwa takwas. Da an sami daidaito sai gwaji ya koma sau ɗaya a shekara, sai fa in nauyi ya canza sosai, ko an sami ciki, ko an fara sabon magani. Wuce gona da iri yana da nasa haɗarin, kuma a ɓoye yake zuwa. TSH da ya daɗe ƙasa da 0.1 yana jawo rikicewar bugun zuciya mai iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki, yana kuma zaizaye ƙashi, musamman ga matan da suka daina al'ada. Faɗuwar gaba, rawar hannu, gumi, rashin barci, duk alamun a koma asibiti ne. Masu shan ƙwayar nan don rage ƙiba kuwa da zuciyarsu suke wasa. Ko mai ciwon na gaske abin da yake saukewa 'yan kiloli ne, yawanci ruwa.

Mai juna biyu lissafinta daban ne, kuma nan ne nake so kowace mace mai shan wannan magani ta buɗe kunne. A watannin farko ɗan tayi ba ya yin sinadarin kansa, da na uwa ƙwaƙwalwarsa take ginuwa. Buƙatar uwa tana ƙaruwa da kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari, kuma tun daga sati na huɗu zuwa na shida take farawa, lokacin da yawancin matanmu ba su ma fara zuwa awo ba. Ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka a ƙa'idarta ta 2017 ta ce da zarar mace ta tabbatar da ciki ta ƙara ƙwaya biyu a sati, wato tara maimakon bakwai, ta kuma nemi likita nan da nan, a riƙa gwaji duk sati huɗu har tsakiyar cikin. Wadda take neman haihuwa ana so TSH ɗinta ya kasance ƙasa da 2.5 tun kafin ta ɗauka. Abin da ke faruwa a wurinmu sau da yawa akasin haka ne: a ce mai ciki ba ta shan magani, ta ajiye ƙwayar, a yi ɓari, a ce iska ce. Wadda ta ci gaba da sha kuma a wurin awo za a ba ta ayon da kalsiyam, ta haɗa su duka da safe. Bayan haihuwa sai a koma tsohon adadi, a yi gwaji bayan sati shida. Shayarwa ba ta hana shan maganin.

Akwai wuri guda da TSH yake yaudara, kuma ya shafe mu ƙwarai saboda yawan zubar jini wurin haihuwa a yankinmu. Macen da ta zubar da jini mai yawa har ta suma, fituwitarinta na iya lalacewa saboda yankewar jini, abin da likita Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata da na mara ya zube, ta yi ta ramewa da kasala shekara da shekaru. A nan shanun lafiyarsu ƙalau, mai garman ne ya faɗi. Babu tsawa, kuma babu noma. TSH zai fito daidai ko ƙasa, a ce mata ba komai, alhali FT4 a ƙasa yake. Irin wannan dole a auna FT4, da shi kuma ake bin maganinta. Dole kuma a fara duba sinadarin kotizol, wanda ke taimaka wa jiki jure ciwo da wahala, domin shi ma fituwitari ke ba da umarnin yin sa, kuma ba ta ƙwayar tayirod kafin a cike wannan giɓi yana iya kashe ta. Wannan aikin ƙwararru ne, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri.

Ƙwayar kanta ba ta jure zafi da laima da haske. Yawancin kwalayen suna cewa a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Ba a barin ta a mota, ko kan taga, ko kusa da murhu, ba a kuma ɓare ta daga takardarta a juye a leda. A saya inda ake da sanyin ajiya, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Canza kamfani ma ba ƙaramin abu ba ne. A 2017 an sauya sinadaran haɗin ƙwayar Levothyrox a Faransa, maganin cikinta bai canza ba, amma dubban mutane suka yi ƙorafin jikinsu ya sauya. Idan wadda ka saba da ita ta yanke a kasuwa, ka sayi wadda ta samu, kada ka zauna babu, sannan ka yi gwaji bayan sati shida zuwa takwas.

Wasu kuma, kusan kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, lambar takan daidaita amma gajiyar ta ƙi tafiya. Ba ƙarya suke yi ba, kuma bai kamata a kore su da "gwajinki lafiya lau" ba. Fata da gashi sukan ɗauki watanni kafin su dawo. In an wuce haka sai a duba ƙarancin jini, ciwon suga, ƙarancin bitamin B12, matsalar barci, da ciwon damuwa. Ƙara ƙwayar T3 a kan T4 an jarraba shi a bincike da dama, bai nuna fifiko tabbatacce ba, don haka sai a hannun ƙwararre.

Da azumi ya gabato yayata ta sake kira na, domin ƙwayar asubarta ta ci karo da sahur. Hanya biyu likita ya ba ta: ko ta tashi da wuri ta sha kafin sahur da rabin awa zuwa awa guda, ko ta sha lokacin kwanciya idan ta yi awa uku ba ta ci komai ba. Ta biyun ba ta yi mata ba, gidansu ana ciye-ciye har bayan tarawihi. Sai ta ɗauki ta farko. Tana tashi ɗora sahur take haɗiye ta da ruwa, kafin tuwo ya ɗumama ta tashi maigida da yara lokacin ya cika. Jar ƙwayar ta koma bayan buɗa baki. Sati shida bayan sallah ta je gwaji, TSH 3.1. Ta rubuta lambar da kwanan wata a cikin wani ƙaramin littafi da take ajiyewa tare da kwalin, ƙasan 38 da 14 da 2.6, ta rubuta watan da za ta koma baɗi a layin da ke biye.